Yadda za ka ɗaura ƙarfen riƙon salansa a Mazda MX-5 a gida

Da sassafe ƙarar take fitowa. Ka tayar da mota inji na sanyi, sai ka ji tas-tas-tas ta gefen direba, kamar ana buga cokali a bakin kofin shayi, kafin inji ya ɗau zafi kuma ta yi ɗif. Haka tawa ta fara, wata huɗu bayan an canja mata kuloci. Na cire kwanon da ke rufe manifol, wato kan salansa da ke tattara hayaƙi daga jikin inji, na ga layin baƙin hayaƙi siriri kamar zare a daidai inda bututu huɗun nan suka haɗu. Na kai wa mai walda ya ɗinke. Ba a rufa wata biyu ba ya sake tsagewa, a gefen ɗinkin. Sai a lokacin na kwanta ƙarƙashinta da tocila, na ga wani zobe a jikin bututun salansa wanda launinsa ya bambanta da sauran, shaidar cewa wani abu ya rungumi wurin shekara da shekaru, yanzu kuma babu shi. Da na koma wurin wanda ya yi kulocin, bai ma musa ba. "Yallaɓai, ai wannan ƙarfen ba ya aikin komai, hana mutum sa sifana kawai yake yi." Tun ranar da ya yi kulocin ya jefar da shi.

Motar da nake magana a kanta ita ce MX-5 ta farko, mai fitilun da ke ɗagowa, wadda Mazda ta fara nunawa a Chicago a 1989, aka ci gaba da ƙera ta a Hiroshima har 1997. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan kuma Eunos Roadster. Tawa ta 1995 ce, mai inji lita 1.8. Ta biyu, wadda ta fito daga 1998 zuwa 2005, ƙarƙashinta ya yi kama da wannan sosai, don haka yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta. Ba mota ce da ta yawaita a titunanmu ba, kuma wannan ma na cikin dalilan da za su sa mai ita ya koyi shiga ƙarƙashinta da kansa.

Aikin da ƙarfen yake yi

In ka fahimci wannan sashe, sauran aikin hannu ne kawai.

Inji ba a kafe yake da jikin mota ba. A kan roba yake zaune, kuma duk lokacin da ka taka totur sai ya ɗan karkata gefe ya dawo. Buɗe bonet, ka sa wani ya taɓa totur, za ka gani da idonka. A wannan motar ma giyabos ba shi da mazauninsa na kansa: wani dogon ƙarfen alminiyom ne ya haɗa shi da difaranshal na baya, wato akwatin giyar da ke raba wa tayoyin baya juyi, sai ya zama inji da giyabos da difaranshal duk abu guda ne da ke lilo a kan roba biyu a gaba, biyu a baya. Shi kuwa salansa kansa na ɗaure tam a jikin inji, wutsiyarsa na rataye a jikin mota da robobi, kuma tsakaninsu babu wata gaɓa mai lanƙwasa da za ta shanye motsin. Bututu ne mai tsawon mita uku ko kusa da haka, da katalis a tsakiya, wanda makanikanmu ke kira indomi, da tukunya mai nauyi a ƙarshe.

To ka riƙe doguwar gora ta ƙarshenta ɗaya ka girgiza. A wuyan hannunka za ka ji ta. Wuyan hannun salansa shi ne waldar manifol, wurin da ya fi ko'ina zafi, inda ƙarfe kan wuce digiri 600 idan an matsa wa mota. Ƙarfen riƙon shi ne hannu na biyu da ke kama gorar can gaba kaɗan. Yana ɗaure ne a boltin da ke haɗa inji da giyabos, ta gefen hagu inda salansa ya sauko, sannan wani maɗauri ya rungumi bututun ya haɗa su. Duk jijjigar da ta taso daga baya, a nan take tsayawa.

Daga nan ƙa'idar aikin ta fito. Ƙarfe da ƙarfe ana ɗaure salansa ne kawai da abin da ke motsi tare da inji, wato inji ko giyabos. Duk inda salansa zai haɗu da jikin mota, sai da roba a tsakani. Na sha ganin an ɗauko rodi an walda shi daga bututu zuwa shasi don a hana salansa lilo. Wannan gyaran gangar auzinawa ne: inji na ja hagu, shasi ya ce ba inda za shi, manifol ne zai biya kuɗin rigimar. Ga kuma kumburin zafi. Ƙarfe mai tsawon mita uku, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yakan ƙara tsawo da kusan santimita ɗaya. Robobin baya ne ke ba shi wannan filin.

Kayan aiki

Motar Japan ce, lambobinta sanannu ne: 10, 12, 14, 17. Ka nemi soket na waɗannan lambobi, masu kusurwa shida, domin masu kusurwa goma sha biyu su ne ke cinye kan noti mai tsatsa. Ka haɗa da sandar ƙarin tsawo guda biyu, da gwiwar soket mai juyawa, da sifana mai zobe 12, 14 da 17. Sai babban jak na ƙasa, matokaran ƙarfe masu ƙafafu, waigi, katako biyu masu faɗi, buroshin waya, man kwance tsatsa irin su WD-40, giris mai jan ƙarfe, ruwan sabulu a gora, tocilar goshi, da tabarau. Tabaraun ba ado ba ne. Garin tsatsa na saman fuskarka, kuma ƙasa yake zubowa.

Sifanar awon ɗauri ita ce abin da mutane ke jin ƙyashin saye. In ba ka da ita, ka aro. Jikin giyabos alminiyom ne, kuma hannun da ya saba da notin taya bai san iyakar ƙaramin bolti ba.

Samun ƙarfen, ko ƙera shi

Ƙarfen guda biyu ne: farantin da ke zama a jikin giyabos, da maɗaurin da ke zagaye bututu, da boltin da ke haɗa su. Na asali ya fi, ko da na hannu ne, domin ramukansa sun riga sun san inda za su. Siffarsa ta ɗan bambanta tsakanin inji 1.6 da 1.8 da kuma tsakanin ta farko da ta biyu, saboda haka ka ba mai sayarwa lambar shasi, kada ka ce masa "na MX-5" kawai. Kana iya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko ka aika Ladipo a Legas, amma ka tafi da hoton wurin a wayarka, kuma kada ka sa rai da yawa. Ni daga waje wani ɗan'uwa ya sako mini shi cikin kayansa, bayan na yi wata biyu ina jira.

In jira ba zai yiwu ba, ana ƙerawa. Ka fara da kwali. Bayan ka ɗaga motar, ka yanko kwali mai kauri, ka danna shi a kan boltin har kawunansu su bar shaida, ka lanƙwasa shi zuwa jikin bututu, ka rage nan ka ƙara can har ya zauna ba tare da ka tura bututun ba. Wannan kwalin za ka kai wa maƙeri, ya fitar maka da irinsa da ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Ka ce masa ramin da maɗauri zai shiga ya yi shi dogo, ba zagayayye ba, don ka sami wurin daidaitawa. Kaurin bututu kuma ga dabararsa: ka naɗa zare sau ɗaya a jikinsa, ka auna zaren, ka raba da 3.14. Da wannan lambar za ka sayi maɗauri. Mai faɗi kamar ɗamara ya fi na rodi mai siffar kofaton doki, domin na rodin yakan lotsa bututu ya bar masa wuya, kuma daga wuyan nan tsaga ke farawa.

Kada ka yarda a walda ƙarfen kai tsaye a jikin bututu. Fatar bututun siririya ce, a bakin walda take yagewa.

Wani ƙaramin tarko da ya taɓa kama ni: bolti. Yawancin boltin milimita 10 na motocin Japan tiredinsu, wato tazarar da ke tsakanin haƙoran bolti, milimita 1.25 ne, na kasuwa kuwa galibi 1.5. A ido kusan ɗaya suke. Ka sa shi, ya shiga zagaye biyu, ya cije, kai kuma ka ɗauka tsatsa ce ka ƙara ƙarfi, shi ke nan ka kashe ramin. Ka tafi kasuwa da tsohon bolti, ka haɗa tiredinsa da na sabon, in ba su shige juna ba ka ajiye. Ka kuma duba kansa akwai lambar ƙarfi, 8.8 ko sama. Wanda ba shi da lamba, na ƙofar gida ne.

Daren jajibiri

Ka fesa man kwance tsatsa a kan duk notin da za ka taɓa: guda ukun da ke haɗa manifol da bututun da ya sauko, biyun da ke bakin katalis, da boltin giyabos. Ka fara goge su da buroshin waya don man ya sami hanya. Da safe ka sake fesawa. Na san wasu man birki suke zubawa, kuma yakan yi aiki, sai dai yana cin fenti kamar wuta. Motar kuma ta kwana ba a tayar da ita ba. Katalis kan riƙe zafi fiye da yadda kake zato, kuma fatar hannu ba ta da sifeya.

Ɗaga motar

Nauyinta wajen tan ɗaya ne. Cikin motoci ba ta da nauyi, a kan ƙirji kuwa ta isa.

Ka nemi daɓen siminti mai shimfiɗe. Ƙasa ko yashi ba su yi ba, ƙafar matokari nutsewa take. Kwalta ma da tsakar ranar bazara takan yi laushi, sai ka sa katako a ƙasa. Motar gajera ce, sau da yawa jak ba ya shiga ƙarƙashin hancinta, saboda haka ka fara hawar da tayoyin gaba kan katakon nan biyu. Ka ja birkin hannu, ka sa giya ta ɗaya, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin baya.

A gaba, bakin jak zai zauna ne a tsakiyar ƙaton ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji. Ka leƙa ka tabbatar, domin kaskon baƙin mai na nan kusa, shi kuma alminiyom ne, fashewa yake yi. Matokarai kuma a haɓar da ke ƙarƙashin ƙofa, tsakanin 'yan tsagi biyun da kamfani ya yi don jak. Dogayen ƙarafan nan biyu da ke bin ƙarƙashin daɓen motar suna da kamar ƙarfi, amma masu MX-5 duk sun san yadda suke lotsewa, kada ka ɗora nauyi a kansu. Ɗaga gaba kaɗai ya isa a ɗaura ƙarfen, amma ni na fi son ƙafa huɗu a sama, don in bi salansan tun daga kai har wutsiya. In za ka ɗaga baya, ta ƙarƙashin difaranshal ake ɗagawa, da guntun katako a bakin jak. Ka tuna birkin hannu da giya duk tayoyin baya suke riƙewa, da zarar sun bar ƙasa ba abin da ke riƙe motar sai matokarai.

Bulo ba matokari ba ne. Ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda. Jak shi kaɗai ma ba matokari ba ne. Bayan ta zauna, ka kama ta ka girgiza da ƙarfinka, gara ta faɗi kana tsaye. Ka cire tayar gaba ta hagu, za ta buɗe maka taga zuwa wurin aikin, ka tura tayar kwance ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Sannan ka gaya wa wani a gida cewa kana ƙasa, ya riƙa leƙowa.

Kafin ka taɓa sifana

Ka bi salansan da hannu da ido. Robobin da yake rataye a kansu, ka ja kowacce ka gani: wadda ta tsattsage ko ta miƙe kamar tsohuwar silifa, a canja ta yau. Wannan ba ƙarin aiki ba ne, domin in wutsiya ta sauka, kai ma ya karkace, kuma duk ƙarfen da ka ɗaura a kan karkataccen bututu karkatar ka kulle. Ruwan sabulu ake shafa wa roba ta zame ta shiga. Baƙin mai ruɓar da ita yake yi.

Ka duba robobin da inji ke zaune a kansu. In ɗaya ta rabe, inji ya zauna ƙasa ta gefe ɗaya, kuma motsinsa ya ninka. Ka duba bututun ko ya taɓa dukan tudun rage gudu ya lotse, abin da ba baƙo ba ne ga gajerar mota a hanyoyinmu. Ka kuma duba manifol. In akwai tsaga, a gyara ta tukuna. Ƙarfen riƙo hana tsaga yake yi, ba ya warkar da ita.

Ɗaurawa

Ka gano boltin giyabos na gefen hagu, can ƙasa, daura da inda bututu ya wuce. Kansu lamba 17 ne. In an taɓa ɗaura ƙarfen a wurin, za ka ga inuwarsa a jikin alminiyom. A tawa biyu ne ke riƙe shi. Waɗannan kaɗai za ka kwance, sauran na riƙe da giyabos, ba inda zai je. Boltin kewayen nan ba duka tsawonsu ɗaya ba, wasu ma da noti a bayansu, don haka wanda ka zaro ka ajiye shi yadda za ka gane raminsa. Ni a kwali nake soke su. Wuri ne matsattse. Ta tagar taya, da sandar ƙarin tsawo da gwiwa, ya fi sauƙi a kan daga ƙasa. Ka tabbatar soket ya shige kan bolti har gindi kafin ka ja, kuma ka lura da wayar na'urar auna hayaƙi, kada sandarka ta tsinke ta.

Ka goge tiredin boltin, ka share fuskar da farantin zai kwanta. Ka sa farantin, ka mayar da boltin da yatsu, zagaye huɗu ko biyar, ba sifana. Boltin da ya ƙi shiga da yatsu yana gaya maka wani abu ne, ka fito da shi ka duba. In ƙarfen naka ƙirar maƙeri ne kuma ya fi na asali kauri, ka tabbatar har yanzu bolti na samun isasshen tiredi a ciki. Sai ka zagaya maɗaurin a jikin bututu, ka shafa ɗan giris mai jan ƙarfe a boltinsa, shi ma ka sa da yatsu.

A nan gizo ke saƙar. Ka saki komai ka duba: ramin maɗauri da ramin faranti sun haɗu da kansu? In sun haɗu, ka gode wa Allah. A yawancin tsofaffin motoci ba sa haɗuwa, sai ka ga saura rabin santimita ko fiye. Zuciya za ta ce maka ka sa ƙarfen taya ka banƙaro bututun, ko ka sa dogon bolti ka ɗaure har ya jawo shi. Kada ka yi. In ka jawo bututu da ƙarfi ka kulle shi a haka, ka ɗora wa waldar manifol nauyin da ba ya sauka dare da rana, sannan zafi da jijjiga su zo su ƙara nasu. Irin wannan ƙarfen ya fi rashinsa illa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin yi shi ne a sassauta salansan ya nemi mazauninsa. Ka tallafe bututun da jak da guntun katako, tallafi kawai, ba ɗagawa ba. Ka sassauta noti biyun bakin katalis. In tazarar ba ta rufe ba, ka sassauta ukun da ke ƙarƙashin manifol, lamba 14, waɗanda sai da dogayen sanduna ake kai musu daga ƙasa. Zagaye ɗaya ko biyu ya isa, ba cirewa za ka yi ba. Waɗannan notin sun sha wuta shekara talatin, lallashi suke so: ka ɗan ɗaure kaɗan tukuna don tsatsar ta karye, ka kwance kwata, ka mayar, ka fesa mai, ka sake. In ka ji noti ya yi laushi farat ɗaya alhali bai fito ba, tsaya, sandar tiredin ce ke murɗewa za ta karye. Wannan sai an gasa shi da wuta, kuma wuta a ƙarƙashin mota mai fetur ba aikin tsakar gida ba ne. Ka bar wannan haɗin yadda yake, ka nemi daidaito ta dogon ramin faranti ko ta washa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa bolti, ɗaya ko biyu a tsakani. In kuwa ka buɗe haɗin gaba ɗaya, tsohon gasket, wato abin da ake sa wa tsakanin haɗin don toshe yoyon hayaƙi, ba ya komawa, sai sabo.

Da haɗin ya saki, za ka ji bututun ya sami 'yar walwala, kana iya motsa shi da tafin hannu. Ka daidaita shi har boltin maɗauri ya riƙa shiga yana fita ba tare da ya cije ba. Wannan shi ne ma'aunin: bolti na zamewa a raminsa da yatsu biyu.

Sai ɗauri, kuma daga gaba ake farawa a yi baya. Na farko notin ƙarƙashin manifol, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, don gasket ya kwanta daidai. Na biyu boltin giyabos, su littafin motar ya ba su Nm 64 zuwa 89 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da sifanar awo ke nunawa), kuma a bushe ake ɗaure su, domin giris na sa bolti ya wuce awonsa alhali sifana na nuna daidai. Kafin ka ci gaba, ka sake gwada boltin maɗauri da yatsu. In ya cije yanzu, wani abu ya gusa, ka koma baya. In yana zamewa, ka ɗaure shi. Boltin milimita 8 mai kai lamba 12 bai wuce Nm 20 zuwa 25 ba, abin da wuyan hannu kaɗai ke bayarwa ba tare da kafaɗa ta shiga ba. Na ƙarshe notin katalis. Sannan ka sauke jak ɗin da ke tallafe da bututu a hankali kana kallo. Bai kamata ka ga wani abu ya motsa ba.

Dalilin wannan jeri shi ne, wuri ɗaya ne a duk salansan da ba ya sassauci, wato jikin inji. Kowane haɗi na bayansa shi zai bi na gabansa, kuskuren da ya rage kuma ya gangara can wutsiya inda roba za ta haɗiye shi. In ka fara daga baya, kuskuren gaba ka koro shi, wurin walda.

Yanzu ka bi bututun da yatsa. Ko'ina ya kasance akwai tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsa da jikin mota, da kwanonin kare zafi, da duk wata waya ko tiyo. Ka je baya ka kama wutsiyar ka girgiza: ta yi lilo a kan roba shiru, ba ƙwal-ƙwal. Ka dawo gaba ka girgiza bututun kusa da sabon ƙarfen, nan kuma kada ya motsa ko kaɗan.

Gwaji

Ka kwashe kayan aiki daga ƙasa, ka ƙirga soket ɗinka. Ka mayar da taya, ka sauke mota, ka ɗaure notin taya tana ƙasa, Nm 89 zuwa 118. A fili za ka tayar da ita, ba cikin rufaffen gareji ba. Iskar da ke kisa a hayaƙin mota ba ta da wari ba ta da launi, irin ta janareto ce da ke kashe mutane cikin barci.

Minti na farko shi ne mai daraja, kafin ƙarfe ya kumbura ya rufe ƙananan kafofi. Ka fesa ruwan sabulu a haɗin da ka taɓa, in akwai yoyo za ka ga kumfa na tashi. Wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku, duk inda ke yoyo zai yi tsaki. Sannan ka hau, ka saurara a wurare uku: lokacin tayarwa, lokacin da ka saki kuloci a giya ta ɗaya, da lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur kana cikin gudu. A nan ne inji ya fi karkata. In ka ji wani sabon kuwwa a daɓen mota ko a sitiyari wanda da babu shi, ƙarfen ko maɗaurin na taɓa jiki a wani wuri, ka koma ka nemo shi.

Bayan ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, ka sake ɗaga ta ka bi notin da sifana. Sabon gasket yakan kwanta, maɗauri ma yakan saki kaɗan. A tawa, boltin maɗaurin ya karɓi kusan kwatan zagaye a dubawar farko, a ta biyu bai karɓi komai ba. Na ɗiga masa farin fenti daga kan bolti zuwa jikin faranti, yanzu duk lokacin juyen baƙin mai tocila kawai nake haskawa in ga ko layin ya rabu. Ranar da za a sake sauke giyabos kuma, ni da kaina zan kwance ƙarfen in sa shi a but kafin in miƙa makulli.